Ƙwato kayan da kwastam ta kama bisa zargin jabu ko satar fasaha

Ƙwato kayan da kwastam ta kama bisa zargin jabu ko satar fasaha na nufin matakan doka da mai shigo da kaya daga ƙasar waje ke bi don a sakar masa kayansa, bayan hukumar kwastam ta tsayar da su a bakin iyaka. Zargin yakan kasance ɗaya daga cikin biyu: ko dai kayan na ɗauke da tambarin kasuwanci na wani ba tare da izininsa ba, ko kuma an kwafe su daga aikin da haƙƙin mallaka ke karewa, kamar littafi, fim, waƙa ko manhajar kwamfuta. Wannan kamu ya sha bamban da na fasa-ƙwauri ko na ƙin biyan kuɗin fito. Mai kaya na iya biyan duk abin da gwamnati ke bin sa, takardunsa su cika, amma duk da haka a riƙe kayan, domin akwai ɓangare na uku a maganar, wato mai tambarin ko mai haƙƙin. Sau da yawa makomar kayan ta fi rataya a wuyan wannan ɓangare fiye da jami'in da ya yi kamun.

Tsarin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma kusan ko'ina wa'adin mayar da martani gajere ne, ana ƙirga shi da kwanaki, kuma a wasu ƙasashe shirun mai kaya ana ɗaukar sa a matsayin amincewa a lalata su.

Wani bincike da ƙungiyar OECD da ofishin kare haƙƙin fasaha na Tarayyar Turai suka fitar a 2021 ya ƙiyasta cinikin kayan jabu tsakanin ƙasashe a shekarar 2019 a kan dala biliyan 464, kimanin kashi 2.5 cikin ɗari na cinikin duniya. Akasarin kayan da ake kamawa daga Sin da Hong Kong suke fitowa, kuma mafi yawan kamun na ƙananan ƙunshi ne da ake aikowa ta gidan waya. Saboda haka ba manyan 'yan kasuwa kaɗai abin ya shafa ba. Wanda ya sayi agogo ɗaya ta intanet ma yana iya samun takardar kwastam a maimakon saƙonsa.

Tushen doka

Yarjejeniyar TRIPS, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 1995 tare da kafuwar Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya, WTO, ita ce ta shimfiɗa mafi ƙarancin ƙa'idojin da ƙasashe mambobi za su bi, daga sashe na 51 zuwa na 60. Ta wajabta wa kowace ƙasa ta buɗe wa mai haƙƙi ƙofar neman kwastam ta dakatar da sakin kayan da yake zargi, muddin ya kawo hujjar farko da cikakken bayanin kayan. Amma ta kuma tanadi kariya ga mai shigo da kaya, kuma a kan waɗannan tanade-tanade ne duk wani yunƙurin ƙwato kaya ke tsayawa.

Dole ne a sanar da mai kaya ba tare da jinkiri ba. Idan kwana 10 na aiki suka wuce bayan an sanar da mai ƙorafi, bai shigar da ƙara ba kuma babu umarnin wucin gadi daga hukumar da ta dace, sai a saki kayan. Ana iya ƙara wasu kwana 10 a inda ya dace. Hukuma na da ikon sa mai ƙorafi ya ajiye kuɗin jingina tun farko, da ikon umartarsa ya biya diyya idan ya sa aka tsare kaya ba bisa ƙa'ida ba. Haka kuma mai kaya na da damar a duba kayan daidai da damar da aka ba mai ƙorafi.

A ɗaya ɓangaren, yarjejeniyar ta tsananta a kan abin da aka tabbatar jabu ne. Ba a yarda a mayar da shi waje yadda yake ba, kuma cire tambarin kawai bai isa a sake shi cikin kasuwa ba, sai a yanayi na musamman. Wannan batu ya kai ga shari'a tsakanin Amurka da Sin a gaban WTO, inda a Janairun 2009 kwamitin shari'a ya yanke cewa tsarin kwastam na Sin da ya ba da damar yin gwanjon jabu bayan an cire tambari kawai ya saɓa wa yarjejeniyar.

Tsarewa, kamawa da ƙwacewa

A bakin mutane duk "kwastam ta kama" ne, amma a doka matakai uku ne. Tsarewa ita ce dakatar da kaya na ɗan lokaci don bincike. Har yanzu kayan na mai su ne, kuma ba a yanke komai ba. Kamawa ita ce hukuma ta karɓe su a hukumance bayan ta gamsu an karya doka. Ƙwacewa kuma ita ce mallakar kayan ta koma hannun gwamnati, ko dai da hukuncin kotu ko don wa'adin ƙalubale ya wuce babu wanda ya zo. A matakin farko takarda ɗaya ingantacciya na iya kashe magana. A mataki na biyu sai da koke ko lauya. Bayan na uku, da wuya kaya su dawo.

Irin kayan da ake tsarewa

Abin da ke yanke ko kaya za su fito shi ne rukunin da suka faɗa.

Jabu tsantsa shi ne kayan da ke ɗauke da tambari iri ɗaya da wanda aka yi wa rajista, ko wanda ba a iya bambance shi da na ainihi, ba da izini ba. Jahilcin mai saye ba ya wanke kayan. Ɗan kasuwar da mai sayarwa ya yaudara yana iya tsira daga tara ko tuhuma, amma kayan kansu suna nan a matsayin jabu.

Sai kayan da tambarinsu ya yi kama da na wani har zai iya rikita mai saye, ba tare da ya zama kwafi ba. A nan akwai sassauci, kuma a nan ne gardama ta fi yawa, domin kama abu ne na hukunci. A ƙarshen Agustan 2020 jami'an kwastam a filin jirgin sama na John F. Kennedy da ke New York sun kama na'urorin sauraro na kunne guda 2,000 suka bayyana su a matsayin jabun AirPods na kamfanin Apple. Hotunan da hukumar ta wallafa sun nuna kwalayen OnePlus Buds ne, kayan wani sanannen kamfani dabam da sunansa a jiki. Hukumar ta tsaya kan bakanta, ta ce siffar na'urar ce ta keta tambarin Apple, tun da a Amurka ana iya yi wa siffar kaya rajista a matsayin tambari, ba suna kaɗai ba.

Rukuni na uku shi ne kayan ainihi da aka saya a wata ƙasa aka shigo da su ba ta hannun dillalin da kamfani ya naɗa ba. Waɗannan ba jabu ba ne, kuma TRIPS ba ta tilasta wa kowace ƙasa tsare su ba. Tsarin kwastam na Tarayyar Turai bai shafe su ba, ko da yake mai tambari na iya kai ƙara kotu da kansa. A Amurka ana iya hana su shiga idan sun bambanta a zahiri da waɗanda ake sayarwa a cikin ƙasar. Ƙa'idar ta samo asali ne daga shari'ar kamfanin Lever Brothers ta 1993, kan sabulun Shield da ruwan wanke kwanuka na Sunlight da aka yi don kasuwar Birtaniya, waɗanda haɗinsu ya bambanta da na Amurka. Ana sakin irin waɗannan kaya idan aka manna musu takardar da ke bayyana wa mai saye bambancin.

Ta fuskar haƙƙin mallaka, Kotun Ƙolin Amurka ta warware wata daɗaɗɗiyar gardama a 2013. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Tailan da ke karatu a Amurka ya riƙa sa 'yan uwansa suna saya masa littattafan karatu na kamfanin John Wiley & Sons, bugun Asiya mai araha, yana sayarwa a Amurka. Alƙalai 6 cikin 9 suka yanke cewa littafin da aka buga bisa doka a waje, da zarar an sayar da shi, mai saye na da ikon shigo da shi ya sake sayarwa. Ba kamun kwastam ba ne ya haifar da shari'ar, amma ta zama madogara ga duk mai shigo da bugun ainihi na littafi ko faifai.

Hujjojin da ke fitar da kaya

Hujja mafi ƙarfi ita ce rubutaccen izini daga mai tambari, ko yarjejeniyar lasisi da ta ambaci sunan masana'antar, irin kayan da ƙasar da aka yarda a kai su. Idan babu wannan, sai jerin takardun ciniki da ke bin sawun kayan tun daga masana'anta ko dillali mai izini har zuwa hannun mai shigowa, ba tare da giɓi ba. Rasit daga wani shago da ba a san alaƙarsa da kamfanin ba ba ya tabbatar da komai illa cewa an biya kuɗi. Takardar izinin da mai sayarwa ya aiko bayan an riga an tsare kaya kuwa abar taka-tsantsan ce, domin kwastam kan tura ta ga kamfanin don tantancewa, kuma miƙa takardar bogi laifi ne da ya fi na farko nauyi.

Ana kuma iya kai hari ga haƙƙin kansa. Tambari yana da iyakar ƙasa da iyakar irin kaya: wanda aka yi wa rajista don takalma ba lallai ya shafi kayan abinci ba, kuma rajistar da wa'adinta ya ƙare ba a sabunta ba ta rasa ƙarfinta. Littafin da wa'adin haƙƙinsa ya cika ya zama na kowa.

Amurka

Masu tambura da masu haƙƙin mallaka kan shigar da rajistarsu a kundin hukumar kwastam da kare iyakoki ta Amurka, CBP, wadda ke da ikon tsare kaya da kanta ba sai an kai ƙorafi ba. Idan ta zargi kaya da jabu tana iya riƙe su har kwana 30. Takan aika wa mai shigowa takardar tsarewa, ta ba shi kwana 7 na aiki ya nuna tambarin ba jabu ba ne. In bai amsa ba, ko amsar ba ta gamsar ba, hukumar na iya nuna wa mai tambari hotuna ko samfurin kayan har da lambobin da ke jikinsu, kuma a mafi yawan lokuta abin da kamfanin ya faɗa shi ke rinjaye.

Bayan kamawa, ofishin tara da ƙwace kaya na tashar yakan aiko da takarda mai ɗauke da zaɓi. Mai kaya na iya shigar da koken neman sassauci cikin kwana 30 daga ranar da aka aika takardar, ya bar hukumar ta sake duba lamarin da kanta. Idan ba ta amince ba, yana da kwana 60 ya ƙara wani koken. Yana iya miƙa tayin sulhu na kuɗi. Yana iya sallama kayan. Ko kuma ya nemi a kai maganar kotun tarayya, bayan ya ajiye jinginar dala 5,000 ko kashi 10 cikin ɗari na darajar kayan, duk wanda ya fi ƙanƙanta, amma ba ƙasa da dala 250 ba. Koke ya fi araha, sai dai hukumar da ta yi kamun ita ce alƙali. Kotu ta fi tsada da jinkiri, amma a can gwamnati ce za ta fara nuna dalilin kamun a gaban wanda ba ya cikin rigimar.

Ga jabu tsantsa, ƙofa ɗaya ce a buɗe: rubutacciyar amincewar mai tambari cikin kwana 30, a bari kayan su shiga, ko a mayar da su waje, ko a goge tambarin. Kamfanin da ke kashe kuɗi wajen farautar jabu ba kasafai yake ba da ita ba. Ga tambari mai kama kuwa, cirewa ko goge shi cikin wa'adin tsarewa kan isa a saki kayan.

Sallama kaya ba ta rufe magana. Doka ta ba hukumar ikon cin tarar mai shigowa daidai da farashin da kayan ainihi za su kai a kanti, a karo na biyu kuma har ninki biyu. Jakunkunan hannu na jabu da aka saya da 'yan daloli kaɗan na iya jawo tarar da aka lissafa da farashin na ainihi. Akwai rangwame ga matafiyi: yana iya shiga da abu guda daga kowane nau'i a cikin kayansa, don amfanin kansa ba don sayarwa ba, sau ɗaya cikin kwana 30. Rangwamen bai shafi abin da aka aiko ta gidan waya ba.

Tarayyar Turai

Dokar Tarayyar Turai mai lamba 608/2013, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2014, ta fi sauri kuma ta fi hatsari ga wanda ya yi sakaci. Kwastam na sanar da mai kaya cikin kwana ɗaya na aiki. Daga nan ɓangarorin biyu na da kwana 10 na aiki, ko kwana 3 idan kayan masu lalacewa ne. Idan mai haƙƙi ya tabbatar a rubuce cewa an keta haƙƙinsa kuma ya yarda a lalata kayan, shi kuma mai kaya bai ce uffan ba, kwastam na iya ɗaukar shirunsa a matsayin yarda. Ba kotu, ba shari'a.

Amma idan mai kaya ya rubuta ƙin amincewa cikin wa'adin, nauyi ya koma kan mai haƙƙi: ko ya shigar da ƙara, ko a saki kayan. Wannan 'yar takarda ita ce babbar makamin mai shigowa a Turai. Tana da nata haɗari, domin idan kayan jabu ne da gaske, kuɗin shari'a da diyya za su hau kansa. Sakin kaya da wuri bisa jingina yana yiwuwa a rigimar haƙƙin ƙirƙira ko zanen ƙira, amma ba a rigimar tambari ko haƙƙin mallaka ba.

Ƙananan saƙonni na gidan waya ko kamfanonin aika saƙo, wato waɗanda ba su wuce guda 3 ba ko ba su kai kilo 2 ba, suna da hanya ta musamman da ake lalata su ba tare da an tuntuɓi kamfanin a kan kowane ƙunshi ba. Cewa don amfanin kai aka saya ba ya hana kamu. A Fabrairun 2014 Kotun Tarayyar Turai ta yanke haka a shari'ar wani mazaunin Danmak da ya sayi agogon Rolex na jabu daga wani shafin intanet na Sin, kwastam ta tsare shi, shi kuma ya ƙi yarda a lalata.

Kayan da ke wucewa

Rigima mafi zafi ta taso ne kan kayan da ba ƙasar da ta tsare su za su ba. A 2008 da 2009 jami'an kwastam a Turai, musamman a Holan, sun tsare magunguna da dama da aka yi a Indiya a kan hanyarsu ta zuwa ƙasashe masu tasowa. A Disambar 2008 an tsare maganin hawan jini na losartan da zai je Burazil, daga bisani aka mayar da shi Indiya. Wata ɗaya kafin haka, a filin jirgin sama na Schiphol, an tsare kilo 49 na abacavir, maganin rage kaifin cutar ƙanjamau, wanda hukumar UNITAID ta biya kuɗinsa don marasa lafiya a Najeriya. Sai a Maris 2009 aka sake shi. Waɗannan sun shafi haƙƙin ƙirƙira ne. Amma a Mayun 2009 an riƙe maganin amoxicillin da zai je Vanuatu a Frankfurt na kusan mako huɗu bisa zargin tambari, saboda sunan maganin na gama-gari ya yi kama da Amoxil, har sai da kamfanin GlaxoSmithKline ya ce ba a keta haƙƙinsa ba.

Indiya da Burazil sun kai ƙorafi WTO a Mayun 2010. A Disambar 2011, a shari'o'in kamfanonin Philips da Nokia, Kotun Tarayyar Turai ta ce kayan da ke wucewa ba za a ɗauke su jabu ba sai an nuna ana nufin sayar da su a cikin tarayyar. Gyaran dokar tambari da ya fara aiki a 2016 ya juya lamarin ga jabun tambari: yanzu ana iya tsare su, sai mai kaya ya tabbatar cewa mai tambarin ba shi da ikon hana sayar da su a ƙasar da za a kai su.

Najeriya da maƙwabtanta

A Najeriya dokoki da dama ne suka haɗu a kan batun. Dokar Hukumar Kwastam ta 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar da ta samo asali tun 1958, wadda ta bi tsarin Birtaniya na ba mai kaya wata ɗaya daga ranar takardar kamu ya shigar da da'awarsa a rubuce, in ba haka ba a ɗauka an ƙwace su. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta ba mai haƙƙi damar bi ta Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya don a sa kwastam ta tare kwafin sata. Rajistar tambari kuwa tana ƙarƙashin dokar 1965. Sashe na 251 na kundin tsarin mulkin 1999 ya keɓe wa Babbar Kotun Tarayya shari'o'in kwastam da na tambari da haƙƙin mallaka, don haka can ake neman umarnin sakin kaya, ba kotun jiha ba. Idan kayan magani ne, abinci ko kayan shafa, hukumar NAFDAC na da nata hurumi dabam, kuma izinin mai tambari ba ya fitar da maganin da ba shi da rajista.

Iyakar tambari na da muhimmanci ga fataken da ke zirga-zirga a yankin. Nijar, Kamaru, Chadi, Benin da Togo na cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, wadda yarjejeniyar Bangui ta 1977 ta kafa, inda rajista ɗaya ke aiki a dukkansu. Najeriya ba ta ciki, Ghana kuma tana ƙungiyar ARIPO. Atamfa ko kayan gyaran babur da aka sauke a Kwatano ko Lome don kaiwa Maraɗi suna ƙarƙashin rajistar OAPI ne, ko da mai su yana riƙe da izinin dillanci na Najeriya, kuma tambari ɗaya na iya zama mallakar kamfanoni biyu dabam a ɓangarorin iyaka.

Asara da diyya

Ko an ci nasara, kwantenar da ta kwana a tasha tana tara kuɗin ajiya da kuɗin jinkiri na kamfanin jirgin ruwa, kuma waɗannan kan hau kan mai kaya ne tun kafin a san mai gaskiya. Shi ya sa wasu ke sallama kayan da ba su da tsada ko da suna da hujja. A Tarayyar Turai mai haƙƙi ne ke fara biyan kwastam kuɗin ajiya da na lalatawa idan ta nema, sannan ya bi wanda ya keta haƙƙin. Idan kuma ta tabbata kayan ba su keta komai ba, mai su na iya neman diyya daga gare shi bisa dokar ƙasar da aka yi tsarewar. Wanda kayansa suka tabbata jabu kuwa, abin da ya rage masa shi ne bin wanda ya sayar masa, bisa abin da yarjejeniyar cinikinsu ta ce da kuma dokar ƙasar da suka amince ta yi hukunci a tsakaninsu.